Fulin fanka da ya ƙi motsi: littafin aiki

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Injin tsohuwar taraktar nan ya tashi tun watan jiya, amma ba ya yin minti ashirin yana aiki sai ruwan lagireto ya fara tafasa. Na wanke lagireto, na sake ruwa, na duba ko gasket ne ya ƙone, duk lafiya lau. Sai yau da na koma gefe na tsaya ina kallo na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Inji yana gudu, fanka kuwa tana bin sa a kasalance. Da an taka mai sai bel ya saki ƙara kamar ɓera a tarko. Na kashe inji na danna bel da babban yatsa, ya lotsa kusan milimita 40. Da hannu ma ina juya fanka, bel yana tsaye yana kallona.

A mota sai mutum ya sassauta altaneta ya ja ta baya, shi ke nan bel ya ɗaure. Nan ba haka ba ne. Dinamo, wanda shi ne a madadin altaneta, yana da nasa ƙaramin bel daban. Fuli shi ne gargaren da bel ke naɗewa a kai. Bel ɗin fanka daga fulin karanshaf, babbar sandar da inji ke juyawa, yake tashi zuwa fulin famfon ruwa da fanka ke kansa, kuma dukansu biyun a kafe suke, ba wanda ke matsawa ko'ina. Dabarar tana cikin fulin sama ne. Faifai biyu ne suka haɗu suka yi kwarin da bel ke kwanciya. Faifan baya a haɗe yake da wani wuya mai zare irin na noti, faifan gaba kuma a kan wuyan ake murza shi. In ka murza shi ciki kwarin ya matse, bel ya hau sama, fulin ya zama kamar ya ƙara girma, bel ya ɗaure. In ka murza waje bel ya nutse ya saki. Akwai ƙaramin notin kulle da ke ratsa gefen faifan gaba ya sauka cikin wani tsagi a jikin wuyan, don kada faifan ya warware da kansa. Taraktoci da yawa na wancan zamani haka suke, har da Farmall H da kamfanin International Harvester ya yi daga 1939 zuwa 1953.

Dabara ce mai kyau, matuƙar faifan yana juyawa. Nawa ko gezau. Na kama shi da hannu biyu na murɗa har sai da tafina ya yi ja.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Wanki kawai na yi yau. Kananzir, buroshin waya, da tsohuwar wuƙa. Fenti hawa uku na kankare, kowane hawa an shafa shi a kan dattin da ya riga shi. Ga alama duk wanda ya yi wa taraktar fenti bai taɓa tunanin wani zai sake juya wannan faifai ba, don har cikin zaren aka zuba.

Na sami notin kulle a ƙarƙashin wani curin giris da ƙasa da ya taurare. Kansa mai kusurwa huɗu ne a da, yanzu ya zama kamar ƙwayar masara, an riga an cinye kusurwoyin. Filaya ta kama, ta zame. Na fesa man kwance tsatsa a bakin zaren da kan notin na bar shi.

Wani abu da na lura da shi: gindin kwarin fulin yana sheƙi. Bel mai siffar V da gefunansa yake kamawa, ba da cikinsa ba. Tun da John Gates ya ƙirƙiro shi a 1917 hikimarsa ke nan, ya cusa kansa tsakanin bango biyu kamar weji, ɗan abin nan mai tsini da ake cusawa a tsaga. In ka ga gindin kwari yana sheƙi, to bel ya side har ya zauna ƙasa, ya daina kamawa. Na auna faɗinsa, milimita 15 ya rage. Bel mai lamba B, wanda shi ne na wannan kwari, 17 yake zuwa. Don haka ko faifan ya juya sai na sa sabon bel.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na yi wauta, kuma zan rubuta ta yadda take.

Faifan gaba yana da wasu 'yan kunnuwa biyu a fuskarsa da aka yi don a sami abin kamawa. Kwana uku ina fesa mai safe da yamma, sai na ce bari in ɗan taɓa in gani. Na ɗora kurfi a kan kunne ɗaya na buga da guduma. Bugu na farko shiru. Na biyu shiru. Na uku na ƙara ƙarfi, sai na ji ƙas, rabin kunnen ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin inji. Inda ya karye fari-fari ne mai tsakuwa-tsakuwa kamar gishiri, wato ƙarfen zubi. Shi ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa kawai yake yi. Abin haushin ma shi ne notin kulle yana nan a ɗaure. Ko da zaren sabo ne fil, faifan ba zai juya ba. Na san haka sarai, zuciya ce kawai ta ɗebe ni.

Da daddare na kira maigidana da ya koya mini aiki, ya tsufa yanzu ba ya riƙe sifana amma kansa yana nan daram. Na gaya masa abin da na yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, har yanzu gudumar nan ba ta fita daga hannunka ba?"

Na ce, "Baba, ai na sa mai kwana uku."

Ya ce, "Shi kuma ya yi shekara nawa a haka? Sauke shi ƙasa. Abin da ba ka iya juya shi ka ga bayansa, ba ka san abin da ke riƙe da shi ba. Kuma kada ka kai wuta kusa da famfo, garin neman gira za ka rasa ido."

Gaskiyarsa. A bayan fulin akwai boris na famfon ruwa da sil ɗinsa, abin da ke hana ruwa yoyo, zafi kuma kashe su yake yi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na zubar da ruwa, na sauke lagireto don in sami fili, na cire fukafukan fanka, na kwance famfo gaba ɗaya. Fulin yana kan sandar famfo da noti ɗaya da ɗan makulli a tsagi. Notin ya fito ba gardama. Wajen zare fulin daga sandar na yi taka-tsantsan: ƙafafun abin ja ba a gefen faifai na maƙala su ba, don nan ne sirara, zai fashe. Na yanko farantin ƙarfe mai tsaga na zura shi a bayan cibiya, wato tsakiyar fulin, inda naman yake da kauri, na ja daga nan. Ya yi ƙara ɗaya ya taho.

Yanzu yana kan tebur. Nauyinsa ya ba ni mamaki.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ranar notin kulle. Na fara da walda: na ɗora wani noti a kan ragowar kan na ɗiga walda a tsakiya, don a sami abin kamawa, zafin kuma ya girgiza tsatsar. Sau biyu ina yi, sau biyu kan yana murɗewa ya tsinke, na biyun ma daidai da fuskar ƙarfe ya tsinke. Saura huda.

Akwai ɗan ƙarfen nan mai murɗaɗɗen baki da ake cusawa cikin huda a warware karyayyen noti. Yana cikin akwatina, ban ko ɗauko shi ba. A kan notin da ƙarfi ya karya yana aiki. A kan wanda tsatsa ta riƙe har kansa ya tsinke, shi ma tsinkewa zai yi, ya bar maka guntun ƙarfe mai tauri a tsakiyar rami wanda bakin huda ba ya ci. Na taɓa yini biyu a kan irin wannan, ba na son in maimaita.

Na goge wurin ya yi sumul, na buga ɗigo a tsakiya daidai, na fara da baki mai milimita 3, a hankali, da ɗigon mai. Daga nan na koma bakin huda mai juyin hagu, ina ƙara girma kaɗan-kaɗan. Amfanin na hagu shi ne yana ci yana kuma tura notin ta hanyar warwarewa, wani lokaci sai ka ga ya kamo shi ya fito da shi. Nawa bai fito ba. Na ci gaba har bangon notin ya zama kamar takarda, zaren ramin ya fara nuna kansa, sannan na riƙa tsinto ragowar da tsinin allurar ƙarfe, zobe-zobe. Awa biyu da rabi. Zaren ramin ya tsira, gefe ɗaya kawai na ɗan taɓa.

Na ɗauka da notin ya fita faifan zai ɗan yi numfashi. Na ɗaure cibiya a mamatsin tebur tsakanin katako biyu, na naɗa tsohon bel a faifan na ja. Babu labari.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Tun Lahadi yana jiƙe. Na haɗa man giyar otomatik da asiton, sinadarin nan da ake goge jan farce da shi, rabi da rabi. Asiton ruwa-ruwa ne ƙwarai, shi ke jan man zuwa cikin matsatsi, sannan ya bushe ya bar man a can. Ba sa zama a haɗe, sai an girgiza kafin a zuba, kuma dole a rufe gwangwanin, don asiton a digiri 56 yake tafasa, a buɗe kafin gobe ya gudu. Wuta kuwa ko daga nesa kada ya hango ta.

Na kwantar da fulin fuska sama, na yi ɗan bango da yumɓu kewaye da bakin zaren don man ya taru ya zauna, na kuma cika ramin notin kulle. Kullum da yamma ina ɗaukar guduma biyu. Babbar ina jingina ta a gefe ɗaya na kaurin faifan inda zaren yake, ƙaramar ina ƙwanƙwasa ɗaya gefen da ita, a hankali, ina zagayawa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Babbar ce ke karɓar bugun, don ya tsaya a cikin zaren ya farfasa tsatsa maimakon ya tafi gefen faifai ya tsaga shi.

Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki biyu ko fiye. Shi ya sa zaren da ya yi tsatsa ba manne kawai yake ba, a cushe yake, kamar an tura weji a kowane layi. Mai ba ya narkar da ita. Iyakarsa ya bi tsagogin da bugu ko zafi suka buɗe. Wanda ya fesa mai ya koma ya zauna yana jira, ba tare da ya ba man hanya ba, jiran gawon shanu yake yi.

Yau na ga jan ruwa ya ɗan tsattsafo ta bayan faifan. Man ya ratsa, aƙalla ta gefe ɗaya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na ƙera abin murɗawa, don bel yana zamewa, sifanar kama bututu kuma haƙoranta za su cinye gefen faifai. Doguwar baran ƙarfe ce mai tsawon mita ɗaya, na yi mata baki kamar cokali mai yatsu biyu da walda, yatsa ɗaya yana zama a gindin lafiyayyen kunnen, ɗayan a gindin guntun da na bari. A gindi, ba a tsini ba.

Sannan wuta. Na fitar da gwangwanin asiton waje tukuna, na goge fulin ya bushe. Wani abin kiyayewa: kada a wanke ƙarfe da feshin wankin birki mai sinadarin kulorin sannan a sa masa wuta, hayaƙin da ke fita guba ne mai kisa. Da kananzir na wanke, na bar shi ya sha iska.

Lissafin da na yi kafin in kunna: faɗin wuyan milimita 60 ne. Ƙarfen zubi yana buɗewa kimanin kashi 11 cikin miliyan a kowane digiri. In faifan ya fi wuyan zafi da digiri 200, ramin zai buɗe da milimita 0.13, kaurin gashi biyu ke nan. Kaɗan ne a ido, amma a zare ba kaɗan ba ne. Matsalar ita ce wuyan ma yana shan zafin yana kumbura tare da shi, don a manne suke. Saboda haka na cusa jiƙaƙƙen tsumma a ramin cibiya, na riƙa zagaya faifan da wutar gas ba tsayawa wuri ɗaya. Ƙarfen zubi in gefe ɗaya ya yi zafi ɗayan yana sanyi, tsagewa yake yi. Ban bari ya yi ja ba. Inda na kankare ya yi fari na zuba wa ido, da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ya fara juyawa shuɗi, wajen digiri 300 ke nan, na janye wutar.

Da zafi-zafi na ɗora bara na ja. Teburin ne ya motsa. Na bar shi ya huce da kansa, ban zuba ruwa ba, na sake zagaye na biyu. Haka dai. A nan na tsaya, don na ji zuciyar ranar Laraba tana dawowa, har na fara kallon wani dogon bututu da ke jingine a bango.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na shiga da fulin wankan lantarki, wato cire tsatsa da wutar batir a cikin ruwa. Bokitin roba, ruwa lita 12, sodar wanki cokali uku. Guntayen rodi huɗu a tsaye a gefen bokiti, an haɗa su da waya, jan kan cajar batir a jikinsu. Fulin a rataye a tsakiya ba ya taɓa su, baƙin kan a jikinsa. In aka juya wayoyin, fulin ne zai narke a madadin rodin, don haka sau biyu na duba. Ba a sa ƙarfen da ba ya tsatsa a madadin rodi, yana sakin guba a ruwan. A waje na ajiye, saboda kumfar da ke tashi iskar haidurojin ce, tana kama wuta.

Sai da na wanke man da na yi mako ina zubawa kafin in tsoma shi, abin da ya ɗan yi mini ciwo. Cikin minti biyar kumfa ta fara tashi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ruwan ya zama kamar kunun laka. Na kankare rodin, na juya fulin, na mayar.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na fitar da shi, na goge baƙin da ya rufe shi da buroshi, na busar da shi da wuta sama-sama don kada sabuwar tsatsa ta hau. Ya fito fes, har lambar da aka zuba a bayansa ta bayyana. Na ɗora bara. Bai juya ba, kuma ban yi mamaki sosai ba. Wannan wanka inda ruwa da rodi ke hangowa yake ci, ba ya shiga can cikin zaren da ke a matse. Wanda ya ce maka zai kwance maka noti da shi, ya faɗi rabin gaskiya.

Amma ya yi mini abin da ya fi haka, ya ba ni ido. Da wuyan ya fito tas sai na ga tsagi biyu ne a jikinsa, ɗaya daura da ɗaya, masu bin tsawonsa. Nan ne mazaunin notin kulle. Na kalli inda ramin notin yake, na kalli inda tsagin yake. Ba su haɗu ba. Tsakaninsu ya kai faɗin yatsa biyu.

Na haska tocila cikin ramin. Maimakon in ga gindin tsagi, sai na ga zare, a murƙushe, da rami a tsakiya inda tsinin notin ya nutse, ƙarfen kuma ya taso kewaye da shi kamar bakin tukunya. Wani bawan Allah, shekaru da yawa da suka wuce, ya ɗaure bel ɗinsa, bai ƙarasa juyin ya kai tsagi ba, ya danne notin a kan zaren da iya ƙarfinsa. Ƙarfen da ya taso ya shige cikin zaren faifan ya zama makulli na biyu. A kan zaren da ke waje ma na ƙirga irin wannan tabo uku, ashe ɗabi'arsa ce. Mako uku ina yaƙi da tsatsa, alhali ko babu tsatsa ko ɗigo wannan faifai ba zai juya ba. Da na sa bututun nan ranar Asabar ɗin da ta wuce, ɗayan biyu ne: ko faifan ya fashe, ko tudun ya bi zaren ya share shi gaba ɗaya.

Na sake kiran Baba na ba shi labari. Dariya ya yi har da tari. Ya ce, "To yanzu ka ga bayansa."

Lahadi, 27 ga Oktoba

Tabo ukun da ke waje na bi su da ƙaramin magagari mai kusurwa uku, layi-layi, ina cire abin da ya taso kawai, ba na taɓa lafiyayyen zare. Na auna zaren, layi 16 a inci ɗaya.

Na cikin ramin shi ne aiki. Na sa ɗan ƙaramin bakin gurza a injin hannu, na naɗe jikinsa da tef don kada ya ci zaren ramin, na zura, na riƙa taɓa bakin tudun kaɗan, in hura, in haska, in sake. Sai da na mayar da wurin ɗan kwano mai santsi wanda ya fi tabon faɗi. Layi biyu na zaren wuyan sun tafi a daidai wurin, amma faifan yana hawa kan layi goma sha wani abu, ba zai san an yi ba.

Wuta kuma, kamar wancan karon, da jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Da na janye wutar na jira ya ɗan sauka, don in ya yi zafi da yawa kyandir hayaƙi kawai yake yi ya ƙone. Na goga kyandir a bakin zaren da cikin ramin, na ga yana narkewa yana ɓacewa ciki kamar ana tsotsa. Na ja layi da alli daga faifai zuwa wuya don in san ko ya motsa, tun da hannu yana yi wa mutum ƙarya.

Ban fara da warwarewa ba. Ciki na fara turawa, ta hanyar ɗaurewa, da tafin hannu ina bubbuga ƙarshen bara. Sai na ji wani ɗan ƙit. Na duba alli, layin ya rabu da kaurin farce. Na dawo da shi baya, ya dawo, ya ɗan wuce. Na tsaya na zauna a kan bokiti na ɗan lokaci ina kallonsa.

Daga nan gaba da baya ne, gaba da baya, ina zuba man giya, baƙin ruwa yana fitowa ina gogewa. Duk inda ya cije ba na matsa masa, sai in koma baya in sake tahowa. Zaren da ya fara motsi ya fi wanda bai motsa ba haɗari, don garin tsatsar da ya saki yana taruwa gaba ya cushe, in aka tilasta sai ƙarfe ya kama ƙarfe ya yage. Kafin magariba yana yin rubu'in juyi. Na bar shi a jiƙe.

Talata, 29 ga Oktoba

Juyi ɗaya da rabi. Hannuna na dama ya yi kanta.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ya fita. Juyi biyun ƙarshe da yatsu na yi su.

Zaren ciki ya fi yadda na zata lafiya. Ramukan tsatsa suna nan a gefen da ke kallon ƙasa lokacin da taraktar take ajiye, inda ruwa ke kwanciya, ɗaya gefen kuwa har sawun injin da ya yanka shi ana gani. Na bi shi da buroshin tagulla da tsinin allura. Sannan na shafa ɗan man gurza bawul a zaren, na murza faifan ciki da waje sau da yawa har ya daina cijewa a ko'ina, na wanke da kananzir sau uku, don in ƙwaya ɗaya ta wannan yashi ta rage za ta ci gaba da ci.

Saboda dukan da na yi masa da kuma wuta huɗu da ya sha, sai da na gwada ko ya tsage. Na rataye kowane faifai da zare na ƙwanƙwasa, dukansu suka yi ƙara mai tsawo, ba irin ta fasasshen kwano ba. Ban tsaya nan ba, na jiƙa su da kananzir, na goge, na shafa garin alli. In akwai tsaga kananzir zai fito ya zana ta a kan allin. Babu, har a gindin kunnen da ya karye.

Shi kunnen na yi ta tunani a kansa. Abu ne mai juyawa, an cire masa ɗan nauyi a gefe ɗaya. Waldar ƙarfen zubi a wuri siriri haka tana iya jawo tsagar da babu ita yanzu. Sai na zaɓi in rage lafiyayyen kunnen da magagari har ya yi daidai da guntun. Ba kyau a ido, amma nauyi ya daidaita, kuma barata tana kama su duka.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Haɗawa. Giris mai garin jan ƙarfe a zaren, siriri, ban bari ya kusanci kwarin ba, don bel da maiko ba sa shiri. Sabon notin kulle, na goge tsininsa ya zama mai ɗan hanci da zai zauna cikin tsagi ba tare da ya huda komai ba. Na buga ɗigo biyu a goshin wuyan daidai kan tsagogin, na cika su da farin fenti, don a riƙa ganin inda suke daga gaba ko da datti ya rufe. Wanda zai zo bayana ba shi da uzuri.

Tun da famfo yana ƙasa na sake masa gasket. Boris ɗinsa ba ya wasa, na bar shi.

Na buɗe faifan sosai, sabon bel ya shiga da hannu ba tare da an ɗana shi da sukudireba ba, wanda shi ke tsinka zaren cikin bel tun ranar farko. Wajen ɗaurewa ba a murza faifai a kan bel yana tsaye, matse shi kawai za ka yi. Rabin juyi, sai a juya inji da hannu bel ya hau ya zauna, a danna a gani, a ƙara.

Na yi lissafin abin da kowane juyi ke yi, don in daina lalube. Layi 16 a inci yana nufin juyi ɗaya yana matso da faifan milimita 1.6. Kwarin yana da kusurwa wajen digiri 36, saboda haka faɗin da bel ke hawa yana ƙaruwa kusan ninki uku na wannan, kimanin milimita 5. Bel ya naɗe rabin fulin, wato juyi ɗaya yana cinye kusan milimita 8 na tsawonsa. Da tsagi biyu, mataki mafi ƙanƙanta rabin juyi ne, milimita 4. A nan na gane abin da ya sami mutumin nan. Ya kai inda tsagi ɗaya ya yi masa sako-sako, na gaba kuma ya yi masa tauri, sai ya tsaya a tsakiya. Ni ma yau na tsinci kaina a daidai wannan wuri. Na koma na baya, mai ɗan sassauci. Bel da ya yi tauri da yawa boris ɗin famfo yake ci, kuma boris ya fi bel wuyar samu.

Yana lotsawa milimita 18 a tsakiya da matsin babban yatsa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Awa uku tana aiki a makon nan, ruwa bai tafasa ba, ƙarar ta ɗauke. Iskar fanka yanzu tana kama takarda ta manna ta a fuskar lagireto. Sabon bel ya zauna ya ɗan saki kamar yadda sukan yi, ya koma 24. Na sassauta notin kulle, na ɗora bara, rabin juyi zuwa ɗigo na gaba, na juya inji, na ɗaure. Minti huɗu, ban ko cire fanka ba. Ya dawo 16.

Da na sunkuya ina duba layin bel sai na ga ɗigon ruwa a ƙasan famfo, daga ɗan ramin da ke bayan fuli. Na goge, na jira, ya sake tsattsafowa. Sil ne. Wataƙila tun da can yana yi, rashin gudun famfo ne ya ɓoye shi. Na sa kwano a ƙasa in ga nawa zai tara zuwa gobe.